Sauran wata huɗu biki, kuɗi kuma ba yawa: ta ina za a rage?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. An sa ranar bikina nan da wata huɗu, a nan Kano. Babanmu ya yi ritaya, wanda zan aura kuma malamin makaranta ne. Ƙawayena sai lissafa min suke yi, kamu da dina da anko kala biyu, ni kuwa na san ƙarfin gidanmu. Yaya za mu tsara abin a fita kunya ba tare da an ci bashi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin da rai da lafiya. Sana'ata girkin taro ce, kuma wadda take tsaye a bayan tukunya tana ganin abin da 'yan biki ba sa gani: wa ya biya, wa aka bari da cikon kuɗi, abinci nawa aka kwashe aka zubar da daddare. Daga wannan wurin zan ba ki amsa.

Yawan zama shi yake cinye kuɗin biki. Duk taron da aka ƙara, ko da an ce ai ɗan ƙarami ne, yana zuwa da 'yan rakiyarsa: abinci, abin sha, kujeru da rumfa, sabon ɗinki na amarya, kuɗin mai kwalliya, mai hoto, motar da za ta kwashi mutane. Mutane sukan ɓata ƙarfinsu wajen ciniki da mai kujeru don ya rage musu ɗan wani abu, alhali da sun soke zama guda ɗaya da sun huta da waɗannan abubuwa bakwai gaba ɗaya. Saboda haka kafin ki tambayi farashin komai, ki fara tsayar da adadin zaman. A halin da kika faɗa min, shawarata ita ce ɗaurin aure da safe, yinin mata guda ɗaya a gida, a kai ki ɗakinki da yamma. Kamu a yi shi ana gobe a tsakar gida, ke da ƙawayenki da dangin ango 'yan kaɗan, a sa miki lalle a fesa turare a watse kafin magariba. Idan ango yana da hali ya yi walimarsa ya ciyar da abokansa da maƙwabta, wannan nasa ne.

Dina kuwa ki cire ta daga ranki. Ita ce taron da ya fi kowanne tsada a kan kowane kai, domin ana biyan wuri, ana biyan masu ƙawata shi, ana biyan mai kiɗa da mai gabatarwa, ga rigar da ba za ki sake sawa ba. Kuma ita ce taron da iyayenku ba sa ma zuwa. Idan abokan ango suka dage sai an yi, to su ɗauki nauyinta tun daga kuɗin wuri har ruwan sha, amma ki sani ko a hakan ma ɗinki da kwalliya suna dawowa kanki.

Kada ki ji kamar kin tauye wani abu na aure. Abin da aure yake tsayuwa a kai sananne ne: waliyyi, shaidu, sadaki, da siga. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, wato zinare giram ɗaya da ɗan ɗoriya, shi ya sa ƙimarsa a naira take hawa tana sauka da farashin zinare, kuma malamai sukan sanar da ita lokaci zuwa lokaci. Walima sunna ce, Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi ta ko da da akuya ɗaya ce, walimar aurensa da Nana Safiyya kuma dabino ne da cuku da mai. Sauran duk al'ada ce. Ba na raina al'ada, da ita nake cin abinci, amma ana iya rage mata tsawo ba a yi laifi ba. Ko auren gata da gwamnatin Kano ta yi a watan Oktoban 2023, inda aka ɗaura wa ma'aurata 1,800, sadakin kowace amarya naira 50,000 ne, aka haɗa mata da gado da katifa da ɗan jari, kuma aure ya ɗauru.

Kafin a sayi ko cokali, ku je ku yi gwajin jini ke da shi. Tun 2024 doka ce a Kano, sai an yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin a ɗaura aure. Mutane sukan bar shi sai ana sauran sati biyu, bayan an sayi gado an raba anko. Idan a lokacin aka gano ku biyun duk AS ne, wato za ku iya haifar mai sikila, ga tashin hankali ga asarar dukiya. Ku yi shi a wannan makon, a asibitin da aka yarda da takardarsa.

Yanzu ga wurin da aikin yake da wuya, kuma ba a kasuwa yake ba. Ke ba ke kike da bikin ba. Bikin 'ya mace na uwarta ne da ƙannen uwarta da gwaggonninta. Umma ta shekara da shekaru tana zuwa bikin 'ya'yan mutane tana kai gudummawa, yanzu nata ya zo, ba za ki shigo da takarda ki ce kin soke kaza da kaza ta ji daɗi ba. Ki same ta ita kaɗai, lokacin da hankalinta yake kwance, ki ce mata, "Umma, ni burina kada Baba ya ci bashi saboda ni. Mu zauna mu ga abin da yake hannu, mu yi wanda zai yiwu a yi shi da kyau." Daga nan ku nemi mace ɗaya a dangi wadda ake jin maganarta, wadda idan ta ce "haka za a yi" ba mai ɗaga murya. Kowane gida akwai irinta. Idan ta karɓi tsarin ya zama nata, ita za ta tare miki masu cewa "a'a, ai ba a taɓa yi mana haka ba." Idan kuwa aka tsallake ta, to ita ce za ta fara faɗar hakan.

Shi ma angon ki yi masa magana a fili tun yanzu. Maza da yawa suna shiga bashi ne don kunyar su ce ba su da shi, amaren kuma suna ɗauka akwai. Ki ce masa ya gaya wa 'yan'uwansa mata su haɗa lefe daidai ƙarfinsa. Akwati biyu ko uku masu kayan da za ki sa sun fi jerin akwatunan da aka cika da abin nuna wa mutane. Ki ba su lambar takalminki da irin kalolin da kike so, domin rabin asarar lefe a nan take, takalmin da bai shiga ba da mayukan da ba za ki shafa ba. Kuma ku tuna da kuɗin hayar gida. Malamin makarantar da ya zuba komai a lefe, wata uku bayan biki mai gida zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma ke ce a ciki.

Kuɗin da ke hannunku ku kasa shi gida biyu: wanda zai bi ki ɗakinki, da wanda zai ƙare a ranar. Na farkon ya fi cancantar kaso mai tsoka, ni nakan ce kashi biyu cikin uku. A cikinsa ma akwai na gaba akwai na baya. Katifa ki sayi mai kyau, nan ne araha ba ta ado. Gado da durowa a ba kafinta na unguwa wanda kuka ga aikinsa da idonku a ɗakin wata, a ba shi kafin alƙalami rabi, kuma a faɗa masa ranar da ta riga ta gaskiya da sati uku, don kafinta da tela ba a ba su ainihin rana. Tukwane masu kauri saiti ɗaya, risho ko ƙaramin gas, kulolin abinci biyu ko uku, farantai da kofunan da za su ishi baƙi shida. Jerin kwanukan da za a cika kabet da su don 'yan ganin ɗaki su yaba, shekara biyar za su yi ba a taɓa su ba. Kujeru ma idan kuɗi ya gaza ana iya farawa da kafet da filon jingina, a saya daga baya. Kuma kada a sayi komai sai an je an auna ɗakin. Na sha ganin ranar jere an tsaya cirko-cirko da durowar da ta ƙi shiga ƙofa.

Sai abinci, inda na fi sani.

Farko ki san bakin da za ki ciyar. A bikinmu ba a tsare ƙofa da kati, wadda kika gayyata za ta zo da ƙanwarta da 'ya'ya uku, maƙwabta kuma ba sa jiran gayyata, kuma bai kamata su jira ba. Don haka ku rubuta sunayen matan da kuke sa ran zuwansu, ke da Umma, sannan ku ninka biyu. Idan kun rubuta 120, ku yi girkin 250. A hannuna buhun shinkafa mai kilo 50 yana fitar da roba 350 zuwa 400 idan mai zubawa ta san aikinta. Kin ga ke nan taro irin naku bai ma cinye buhu guda ba. Wanda ya ce miki sai buhu uku, ko dai bai taɓa girkin taro ba, ko kuma akwai inda sauran za su tafi.

Kala ɗaya za a yi, a yi shi da daɗi. Dafa-duka da yanka ɗaya na nama da ɗan haɗin kabeji ta wadatar. Da zarar an ce ga shinkafa ga waina ga sinasir ga alale, kowace mace sai ta karɓi kowanne, wanda ba ta ci ba ta ƙulle a leda, kuma ba ta yi laifi ba, ke kika ajiye. Idan Umma tana son abin gargajiya saboda manyan mata da dangin ango, a yi waina da miyar taushe kula biyu ko uku, a ajiye a ɗaki, a ba mutum ɗaya amanarsu. Nama shi ne abin da ya fi tsada a tukunya. Kilo ɗaya na naman sa yana ba da yanka 20 masu mutunci, kaza ɗaya ta gidan gona yanka 8. Ki tambayi farashin kowanne a satin bikin ki raba da wannan adadi, wanda ya fi sauƙi shi za ki ɗauka. A yanka a gaban wani naku, a ƙirga kafin a soya, a sake ƙirgawa bayan an soya. Ba zargin kowa nake yi ba, amma nama soyayye yana da ƙafa.

A zuba a robobi masu murfi tun a wurin girki, a miƙa wa kowa tasa a hannu. Zubawa a manyan farantai a ce mutane su haɗu su ci yana da kyan gani, sai dai ba ya lissafuwa, waɗanda suka zo da wuri su ƙoshi, na bayan la'asar su tarar da ƙanzo. Kuma tun kafin a fara rabo a ware na dangin ango, na masu kai amarya, da na maza masu aikin rumfa da kujeru, a kulle. Yawancin abin kunyar da ake yi a biki ba ƙarancin abinci ne yake jawo shi ba, rashin mai tsare rabo ne. Ki nemi mace mai fuskar shanu a danginku, wadda ba ta jin nauyin cewa "an ba ki ɗazu," ki damƙa mata.

Abin sha kuwa, zoɓo da lemon citta da aka haɗa a gida aka ɗura a ƙananan robobi, da ruwan leda mai sanyi, sun fi lemon kwalba sauƙi nesa ba kusa ba. Kunun aya yana da daɗi amma ba ya jure zafi, idan aka ɗauke wuta ya kwana ba sanyi ya lalace, kada ki saka shi a lissafi. Ki yi odar ƙanƙara tun ana sauran kwana biyu. Game da masu girki, idan kuna da mata a dangi da suka saba, ku ɗauki ƙwararriya guda ɗaya ta tsaya a kan tukunya ta auna mai da gishiri da magi, sauran su taya ta gyaran kayan miya. Ba da kwangilar abincin gaba ɗaya ya fi hutu, amma kuɗin hutun kike biya. Kin ga ina rage wa kaina ciniki, to gaskiya ce.

Sayayya a yi ta a inda 'yan kasuwa suke saro kaya. Shinkafa da mai da sukari da fulawa a Singa, kayan miya a Yankaba da sassafe, robobi da bokitai a Ƙofar Wambai, atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, kayan kicin a kasuwar Sabon Gari. Ku tafi da wadda ta san kasuwar, kuma kada ki buɗe baki ki ce na biki ne kafin a gama ciniki. Abin da ba ya lalacewa a fara tara shi daga yanzu, duk wata a sayi wani abu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda farashin yau ba ya jiran na gobe, kuma kuɗin da aka ajiye a hannu da sunan biki kullum sai wata lalura ta taɓa shi. Ki duba kuma lokacin da ranar taki ta faɗa. Tumatir da tattasai suna araha lokacin da na noman rani ya shigo daga wajen Kura da Kadawa, suna tsada da farkon damina, don haka idan bikin na lokacin tsada ne a sayi busasshe a haɗa. Dabba tana tashi gab da babbar salla. Tela kuma idan azumi ya kama ba ya ganin kowa. Watan Sha'aban da bayan ƙaramar salla da ƙarshen shekara bukukuwa suke cunkushewa, masu rumfa da masu hoto su ɗaga kai, to a kama su da wuri a ba su wani abu. Idan kuma Agusta ne, rumfa ta zama dole, da tunanin inda mata za su fake.

Anko ina da ra'ayi a kansa, kuma na san ba kowa zai so shi ba. Mutane suna ɗauka ba ya cin kuɗin masu biki tunda kowa shi yake sayen nasa. Yana ci. Za ku saro da kuɗinku, wasu su karɓa su ce sai ƙarshen wata, ƙarshen watan da ba ya zuwa, sannan akwai waɗanda dole a ba su kyauta: kaka, gwaggo, matar wa, 'yar riƙo. Ga ƙawar da ba ta da halin saya, ta ƙi zuwa bikinki don kunya. Idan ba makawa sai an yi, a fitar da atamfa ɗaya mai sauƙin kuɗi, a bar ta a shagon mai ita a Kwari, a ba mutane lambar shagon kowa ya je ya saya da kansa. Ko kuma a ce kowa ta sa kala kaza daga abin da take da shi, a hoto duk ɗaya ne.

Ke kanki kaya biyu sun ishe ki, na kamu da na yini, kuma daga cikin lefe za a ɗinka su. Mai kwalliya sau ɗaya, ranar yini. Gyaran jiki da dilka da halawa akwai masu yi a gida cikin unguwa da rabin kuɗin shago. Mai hoto a ɗauke shi na awa biyu ko uku a lokacin da kowa ya gama shiri, ya turo hotunan a waya, a wanke 'yan kaɗan daga baya. Katin gayyata a buga kaɗan na ɗaurin aure saboda dattawan da ake kai wa hannu da hannu, sauran a tura ta WhatsApp. Kalanda da jaka da kofi masu hoton ango da amarya kuwa, ki bar su kawai.

Gara ma ana iya magana a kanta. Asalinta taimako ne ga sababbin ma'aurata, ba gasa ba. Abin da za ku ci wata ɗaya ko biyu, shinkafa da taliya da mai, da ɗan alkaki da dubulan da cincin na rabo ga dangin miji, ya isa. Gidaje da yawa yanzu iyayen ango da kansu suke aiko cewa an yafe, musamman idan an fahimci juna tun farko. Wannan magana ce ta manya, ki bar Baba ko waliyyinki su yi ta.

Gudummawa za ta zo, amma kada ku ci bashi da sunanta. Ba wanda ya san nawa za ta kama, kuma yawancinta sai ranar yini take shigowa, lokacin da an riga an gama kashewa. A samu littafi, a ba yarinya mai hankali ta zauna kusa da Umma tana rubuta wa ya kawo me, domin abin da aka kawo muku ranar nasu za a mayar. Idan akwai 'yan'uwa na jiki da kuka san za su taimaka, ku roƙe su tun yanzu su faɗi abin da za su ɗauka, wannan ya ce mai, wancan ya ce kujeru. Kawu ya fi jin daɗin a ce "kai ne da katifa" a kan a bar shi yana tunanin nawa zai sa a ambulan. Idan Umma tana adashe, a nemi a ba ta kwasar watan da ya gabaci bikin.

Ranar kanta, kuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya, ba ke ba, ba Umma ba, don ku biyun ba za ku iya cewa a'a ba a ranar. A ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin taron a ba shi ya riƙe saboda abin da ba a zata ba, man janareta, ƙarin ruwa, kuɗin adaidaita sahu na aike. Idan an ɗaura aure da ƙarfe 11 na safe ko bayan sallar Juma'a, abinci ya fito da azahar, a fara sallamar mutane bayan la'asar. Taron da ya kai dare sai an sake ciyar da shi. Kai amarya a yi shi kafin isha, da mota uku ko huɗu na 'yan'uwa da abokan ango, a faɗi sunayen masu rakiya tun da rana don kada a yi rigimar wurin zama a bakin ƙofa. Kuɗin sayen baki kuma ki ja kunnen ƙawayenki tun kafin ranar, su karɓi abin da abokan ango suka miƙa, kada su tsare mutane har sha biyun dare suna ciniki, don washegari angon naki da sauran albashinsa za ku fara cefane.